Illo Direba da Giyar Hannu

Illo na Ƙofar Kware yana cikin mutanen farko da suka tuƙa mota a Sakkwato. Wani Bature mai sayen fatun awaki ne ya ɗauke shi aiki wajajen 1922, ya koya masa wata tsohuwar mota mai sauƙin kai. Ba ta da sandar giya. Ka taka da ƙafa ta ja, ka saki ta ƙara gudu. Shekara shida Illo yana yawo da ita, kai a sama, mata na leƙensa ta katanga.

Kwatsam Baturen ya kawo sabuwa daga Ikko, doguwa mai gudun bala'i, da sandar giya a tsakiya, wadda sai an taka kuloci ake tura ta. Nan fa ido ya raina fata. Duk sanda Illo ya tura sandar, sai motar ta ɗauki ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Baturen ya ba shi kwana bakwai, ko ya iya ko a kawo direba daga Kano. Ga matarsa Bara'atu da tsohon ciki, ga 'ya'ya huɗu, ga 'yan unguwa da ba su da aiki sai jiran mutum ya faɗi su yi dariya.

Kwana biyar yana fama a fili bayan ganuwa, a banza. Rana ta shida sai baffansa Sodangi, tsohon masaƙi, ya biyo ta wurin. Tun da Illo ya bar saƙa ya bi ƙarfen Nasara, tsohon nan da ƙyar yake amsa gaisuwarsa. Ya tsaya ya dogara sanda, ya sa Illo ya nuna masa yadda yake yi. Ya ƙi shiga, ta taga ya leƙa.

"Kai dai wawa na," in ji shi. "Hannunka na riga ƙahwarka. Wa ka jehwa ƙoshiya zare bai buɗe ba?"

Ya tasa shi gaba har gindin ceɗiyar da yake saƙa, ya zaunar da shi a bakin saƙar, ƙato da gemu, a gaban jama'a. Taka, jira, jefa, tun hantsi har la'asar. In ya yi gaggawa ya sha sanda a gwiwa. Illo ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya daure.

Washegari Baturen ya zauna gefensa suka nufi Dundaye. Da suka zo hawan da ke bayan gulbi, Illo ya taka, ya jira, ya tura. Sandar ta shige sumul, ko ƙis ba a ji ba. Baturen ya tambaye shi wa ya koya masa, da irin motar da mutumin yake tuƙawa. Illo ya ce baffansa ne, kuma bai taɓa shiga mota ba.

Direban Kano dai bai zo ba. Illo ya ƙara shekara ashirin da bakwai a kan sitiyari, ya aurar da 'ya'yansa duka.

Da gwiwoyin Baffa Sodangi suka gaza, saƙarsa ta tsaya. Sai Illo ya riƙa ajiye motar gindin ceɗiya duk bayan sallar Juma'a, ya naɗe hannun riga ya zauna yana yi masa saƙa, tsohon na gefe yana faɗa wai bakin saƙar bai yi daidai ba. Wata rana maƙwabcinsu Mode ya tsokane shi, wai babban direba ya koma masaƙi. Illo ko ɗago kai bai yi ba, ya ce:

"Tuwon da ɗiyana ka ci, ƙahwahun tsohon ga sunka tsare min shi. Yanzu ba shi da su. Ga nawa."