Bargon da Na Cusa a Gindin Ƙofa

Ranar Alhamis ce, kwana biyar da ɗiyata Ramatu ta haihu a birnin Lyon. Ni ba na ɗinka wa ciki kaya sai an sauka lafiya, haka na taso na gani a Damagaram. Shi ya sa aikin bargon jaririn ya matse ni. Ran Asabar suna, ni kuma ina gidana a garin Stains, hawa na bakwai, da allura a hannu.

Inna Mariyama ce ke taya ni, wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ƙofarta ke kallon tawa. Daga zannuwan matan gininmu muka yanko ƙyallayen, muka shimfiɗa auduga a tsakiya. Gwiwa ta ci Inna, amma idonta garau. In ɗinkina ya karkace, warwarewa kawai take ta miƙo min. Wallahi har haushi take ba ni.

Ƙarfe goma da rabi na safe farin zare ya ƙare, saura kalmasar gefe ɗaya. Inna ta ce tana da wani a ɗakinta. Ta ja sandarta ta fita. Na ji ta rufe ƙofarta.

Sha ɗaya saura kwata na ji ƙara uku daga ƙasa, tau, tau, tau. Mata suka fasa ihu a filin ajiye motoci. Na leƙa ta taga. Samari ne fuska a rufe, wasu na gudu, wasu na bin su. An daɗe ana cewa na unguwarmu da na wata unguwa ba sa ga maciji. Biyu suka turo moto, wato babur, cikin zauren gininmu. Suka fito babu shi.

Ba a yi minti biyar ba na ji ƙaurin roba. Lantarki ya ɗauke. Na buɗe ƙofa kaɗan. Innalillahi! Baƙi ƙirin, ko ƙofar Inna ban gani ba. Na mayar na rufe ina tari. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasa. Abin da ke kusa da hannuna shi na ɗauka. Na tsoma bargon a bokitin ruwa da allurar a jikinsa, na cusa shi gindin ƙofa da ƙafata.

Sha ɗaya da minti biyar masu kashe gobara suka iso. Wani ya dinga ƙwala kira da lasifika: "Kada kowa ya buɗe ƙofa! Ku tsaya bakin taga!" Da Faransanci yake yi. Faransancin Inna bai wuce gaisuwa ba, kuma tagoginta bayan gini suke kallo. Na kira ta a waya don in faɗa mata. Ina jin muryarta kuka ya ƙwace min. Maimakon saƙon, sai na ce, "Inna, ni kaɗai ce, tsoro nake ji."

Ta ce, "Ga ni nan, ɗiyata."

Na yi ihu, "Kada ki fito!" Ta riga ta ajiye.

Na kai hannu kan mariƙin ƙofa, ya ɗau zafi. Ban buɗe ba. Gaskiyar ke nan, ban buɗe ba. Na tsaya ina dukan ƙofar daga ciki ina kiran sunanta. Na ji kamar sanda ta faɗi a siminti, ko kunnena ne, har yau ban sani ba. Na sake kiran wayar. Tana shiga, ba a ɗauka.

Na koma taga ina yi wa na ƙasa ihu, ina nuna baya. Kowace taga akwai mai ihu, wa zai ji ni? Minti arba'in na yi tsakanin taga da ƙofa. Ruwan bargon ya yi baƙi, amma ya tare hayaƙin.

Sha biyu saura kwata tsani ya iso tagata, da wani mai kashe gobara a kansa yana ce min: "Sauko! Kada ki kalli ƙasa!" Na riƙe rigar mutumin na ce akwai tsohuwa a waje. Ya yi magana a rediyonsa, ya ɗora ƙafata kan tsani.

Aka tara mu a zauren wasanni na unguwa, kowa da mayafin leda mai ƙyallin azurfa da aka raba mana a kafaɗa. Duk wanda ya shigo sai na miƙe. Bayan la'asar wata ma'aikaciya ta zo da takarda, ta tambaya wa ya san Mariyama. Na ɗaga hannu. Ta ja ni gefe.

An rufe ginin, an hana kowa komawa. Na kwana wajen wata 'yar garinmu a unguwar Belleville. Da safe na hau jirgin ƙasa na Lyon da zanen aro da silifas. Awa biyu ina zaune kusa da ƙofa, hancina bai daina jin roba ba.

Ran Asabar aka yi suna. Yaron yana naɗe cikin bargon kanti. Mata suka yi ta min barka da tsira, na amsa. A Lyon babu wanda ya san Inna, don haka babu wanda ya yi min gaisuwar rasuwarta.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka. Daga ƙofarta zuwa tawa taku huɗu ne. Ma'aikaciyar ta ce a bakin tawa aka same ta.