Sunan Goggo a Layin Marubuta

Ku dakata da tafin nan tukuna. Tun shekaranjiya kuke ta yaɗa hoton shafin Farfesa: maƙala ɗari biyu da goma kan garkuwar jiki da sankarar jini, masana sun kafa hujja da aikinsa sau dubu tara. Madalla, ba hassada nake ba, mutumin kirki ne. Amma kun ɗauka jinin nan da ƙafarsa yake hawa gilashin gwaji?

Goggona ce take shafa shi, ƙanwar babana. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin gwajin Farfesa, kan wata kujera da aka ɗaure ƙafarta da waya, kusa da firjin da yake kuka kamar injin niƙa. Ta ɗiga jini a gilashi, ta ja shi sau ɗaya tak, ta rina, ta jera a bakin taga ya bushe. Yatsunta kullum shuɗi-shuɗi. Muna yara in ta miƙo mana abu sai mu ce, "Goggo mai rini!" Ta ce, "Ku ci gidanku, ni likitoci nake rina wa."

Wallahi ina kewar lokacin. Ta dawo da yamma tana warin sinadari, ta yar da takalmi, ta ce wa babana, "Yaya, yau ma na ga ƙwayoyin nan masu baƙon fasali a jinin wani dattijo." Baba ya ce, "Ke dai bari mu ci abinci lafiya."

Duk wanda ta gani sai ta rubuta a wani littafi mai koren bango, har da zane. Da suka kai arba'in ta nuna wa Farfesa. Daga nan maƙalarsa da ta fi kowacce suna ta fito, shekara ashirin ke nan.

Kuma ya tambaye ta fa, kada in yi masa ƙarya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, in sa sunanki?" Kunya ta kama ta, ta ce, "Haba Farfesa, ni a wa?" Jira take ya sake tambaya. Shi kuwa bawan Allah ya ce, "To, shi ke nan," ya wuce. A ƙarshen maƙalar aka rubuta ana godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji. Sau ɗaya ta taɓa ba ni labarin, tana ninke kaya, ba ta ko kalle ni ba.

Bara, bayan ta yi ritaya ido ya fara rauni, sai ga wata ɗalibar Farfesa har gida, yanzu ita ma Dakta ce. Koren littafin nan take nema, za ta ɗora sabon bincike a kai. Ta durƙusa ta ce, "Mama, za mu sa sunanki cikin marubuta."

Goggo ta gyara mayafi. "Haba 'yar nan, ni a..."

Ina tsaye da tiren ruwa. Na taka wa Goggo ɗan yatsan ƙafa da gangan.

"Ke, uwata, ƙafar aro kika gani?"

Na ce, "Goggo, wannan ma sau ɗaya za ta tambaya."

Ta daɗe tana kallon yatsunta, rinin duk ya fita. Can ta ce wa Dakta, "Miƙo biro. Da hannuna zan rubuta."

Maƙalar ta fito, sunanta na uku. Yanzu duk mako sai ta kira ni ta ji sau nawa aka kafa hujja da ita. "Mun kai nawa?"

"Huɗu, Goggo."

"Farfesa fa?"

"Dubu tara."

"To, a hankali. Shi ma da ɗaya ya fara."

Shekara ashirin kunya ta ci mata, kuma na san ba ita kaɗai ba ce. A gidanku akwai mai wanke kwalabe, mai ɗibar jini, mai buga rahoto, da aka dunƙule cikin "muna godiya". Kada ku danna mini alamar zuciya ku wuce. Ku rubuto a ƙasa: wane ne, kuma wane aiki ya yi?