Kunyar 'Yar Fari Ta Hana Ni Tambayar 'Yata

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Bungudu, amma a Tsafe aka haife ni, can na gama sakandare. Lokacin da abin nan ya faru ina da 'ya'ya biyar, kuma ina alfahari da cewa ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Haka na taso na ga mahaifiyata na yi wa babban yayanmu. Surukata, Allah ya jiƙanta, har yabona take yi gaban baƙi, wai boko bai cire mini kunya ba. Ita ta riƙe yarinyar a ɗakinta, ita ke jin damuwarta. Da ta rasu, yarinyar ta dawo wurina tana da shekara goma sha huɗu, muka zauna kamar baƙin juna.

Ba zan ce ban sani ba, kuma wannan ne ya fi cin raina. Duk wata idona na kanta. Takan durƙusa gindin murhu kamar mai hura wuta, alhali wutar na ci. Takan ɗaure ƙugu tamau da ɗankwali. Ina ganin yawan tsummokaran da take shanyawa bayan ɗaki ta lulluɓe da zane. Iyakata in dafa citta da kanumfari in ajiye bakin ƙofarta in wuce, kamar mantuwa na yi. Wata maƙwabciya ta taɓa ce mini yarinyar nan fa ta yi fari fat, na ce mata ai ciwon mara ne, kowace mace da irin nata, in ta yi aure zai wuce. Da dariyar yaƙe na faɗa.

Shekara uku muna haka. Wata rana da hantsi tana tankaɗe, sai kawai ta sulale ƙasa. Mahaifinta ya samo mota muka kai ta asibiti Gusau. Da ta farfaɗo, likitar, wata mace mai sanyin murya, ta tambaye ta kwana nawa jinin al'adarta ke yi, yarinyar ta sunkuyar da kai. Likitar ta tambaye ta wa take gaya wa in ciwon ya taso, ta ce tun rasuwar kakarta babu kowa, don ta ga kamar Inna, wato ni, ba ta son a dame ta. Wallahi ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce kwana tara ne, wani lokaci goma, da gudaji yake zuwa, rana ta biyu amai take yi, makaranta ma ba ta iya zuwa. Yarinyar ta juyo tana kallona, ta tambaye ni a hankali ashe duk na sani.

Jininta ya yi ƙasa sosai, sai da aka ƙara mata. Hoton cikin da aka yi mata kuma ya nuna ƙari a jikin ƙwan mahaifarta, aka ɗora ta kan magani, aka ce mu riƙa dawowa. Likitar ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi ciwon da ke hana mace tashi ba na daurewa ba ne. A gadon asibitin nan na shafa bayan 'yata, rabona da haka tun yaye. Ta yi murmushi ta ce ashe hannun Inna kaushi gare shi.

Alhamdu lillahi, yanzu da sauƙi. Na gane kunya ado ce, amma tawa a kan lafiyar 'yata na ɗora ta, kuma ita ta sha wahalar. Na roƙi gafararta, ina roƙon ta Ubangiji. 'Yan'uwana mata, ganin ido bai isa ba, don yarinya ba ta san kina gani ba. Ki zaunar da ita ki tambaye ta, ko da muryarki na rawa. Tawa ma har yau rawa take yi, amma ina tambaya.