Macijin da Goggo Barakatu Ta Zaɓa

Goggo Barakatu ƙanwar kakanmu Ubale ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Mai Wurno aka haife su, can ƙasar Sudan, babansu gardi ne mai yawo kasuwa-kasuwa yana wasa da macizai. Ita da mijinta Garba da yayan nata suka haye teku daga Sawakin da niyyar hajji. Hajji ya wuce, hanyar komawa ba ta buɗe ba, sai Karantina, wata unguwa a Jidda, ta riƙe su kamar yadda ta riƙe mutanenmu da yawa kafin su.

Garba bai daɗe ba zazzaɓi ya tafi da shi, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta gama takaba masu so suka yi ta aike, ta ce ta gode. Ta zauna a hoshin Ammi Abdulghaffar, wani dattijo haifaffen Jidda da ya kewaye fili ya bar mutane suna kafa ɗakuna a ciki. Sana'arta gyaɗa. Takan soya ta da rairayi a babban kasko, ta ɗora tire a ka har kasuwar Bab Sharif. Duk wanda ya san ta a farkon shekarun sittin, da ƙamshin gyaɗa ya san ta, da kuma rashin iya lanƙwasa magana.

Ɓeraye ne suka fara kai ta bango. Karantina kusa take da tashar jiragen ruwa, ɓerayenta kuwa ba su san kunya ba, da rana tsaka sai su huda buhu suna kallon mai shi. Ta kawo kyanwa, kyanwa ta ga kan kifi ya fi sauƙi, ta koma gidan maƙwabta. Aka ce ta sa guba, ta ce ba za ta ajiye guba kusa da abin da yaran mutane ke ci ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta yafa mayafinta ta nufi wurin yayanta.

Ubale dako yake yi a tashar jirgi. Wasan maciji ya mutu tun ranar da ya sauka ƙasar, don a nan wanda aka gani yana rataya maciji a wuya ba sai an tambaye shi ba, boka ne kawai. Amma hannu bai manta ba. Yakan fita bayan gari ta hanyar Makka ya kamo su, ya tara a kwanduna cikin wani kango, ya sayar wa wani mai magungunan gargajiya da ke dafa su yana fitar da mai, wai yana sa gashin mata tsawo. A kangon ta same shi. Ta ce maciji take so, nata na kanta, ta ajiye a ɗaki.

Ubale ya yi dariya har ya zauna. Ya tuna mata cewa ba a taɓa ba ta makari ba, wannan jiƙon da babansu ke ɗura wa 'ya'ya maza kafin su taɓa kwando. Ta ce ta sani, ai ita ke daka saiwar. Da ya ga ba wasa ta zo yi ba sai ya ce to, a bi yadda aka saba a gidansu. A gidansu mai koyo ba ya zaɓe, babba ke zaɓa masa, kuma mafi ban tsoro ake ba shi, a kama kansa a ɗinke bakin da zare. Yaro ya ɗauke shi, ya kwana da shi, ya saba, tsoro ya fita daga ƙirjinsa ba tare da an sare shi ba. Ya buɗe wani kwando ya nuna mata kububuwa tana murɗe jiki tana wannan ƙara tata kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi. Ya ce ta kawo allura daga bakin zanenta.

Barakatu ta san ƙarshen irin waɗannan macizai fiye da shi. Tun tana yarinya ita ake ba zare ta zura a allura, kuma ita ake miƙa wa gawar ta kai bayan gida idan yunwa ta gama da su. Maza na can kasuwa ana yi musu kiɗa.

"Yaya, wanda aka ɗinke wa baki da me zai ci ɓera?" in ji ta. "Ni ba 'yan kallo nake nema ba. Ba ni wanda zai ci abinci a gidana."

Ya ce duk mai cin ɓera a cikin kwandunan nan yana iya cin ta ita ma. Ta bi kwandunan ɗaya bayan ɗaya yana buɗe mata yana tsaki. Akwai wani siriri mai gudu kamar bulala, ba shi da dafin kirki, amma ta ce wannan kafin ta juya ya shige ɗakin maƙwabta. Akwai wani baƙi da ko Ubale da sanda yake taɓa shi. Can gefe ta ga tsohuwar garwa cike da rairayi, ta tambayi abin da ke ciki. Ya ce ba komai, dassas ne, Larabawan ƙauye suka haɗa masa da shi kyauta, ko mai maganin ba ya saye. Ya tura hannu ya zaro wani gajeren abu mai kauri, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, idanunsa a saman kai kamar na kwaɗo, wutsiyarsa dunƙule har ba a gane ina ne gaba. Ba shi da dafi, ba ya hawa bango, aikinsa ya nutse cikin rairayi ya jira abin da zai wuce.

Ya aza mata shi a tafin hannu don ya ga ta zabura. Ba ta yar da shi ba. Macijin ya cusa kai tsakanin yatsunta yana neman wurin ɓuya, da bai samu ba ya kwanta abinsa.

"Wannan ko jariri ba zai tsorata ba," in ji Ubale. "Da Baba na da rai da ya ce kin zubar mana da mutunci."

"Baba ya binne nasa da yawa. Ni wannan nake so."

Ta zuba rairayin suyar gyaɗa mai tsabta a babban baho, ta ajiye shi a gindin buhuna. Ta sa masa suna Mai-Barci. Maganar gaskiya, bai kore mata ɓeraye ba. 'Yan ƙanana yake kamawa, su ma sai ya ga dama, manyan kuwa ta gefen bahon suke wucewa. Amma da safe idan ta sa hannu a rairayin sai ta ji ya motsa ya taso, kuma matar da ta yi shekara da shekaru ba ta da wanda za ta ce wa ina kwana a ɗakinta sai ga ta tana magana tana tankaɗe gyaɗa.

Zakiya, maƙwabciyarta ta jikin bango, ita ta gan shi wata safiya da aka fito da bahon shan hantsi. Kafin azahar hoshi ya ɗauka cewa Barakatu na kiwon maciji mai kai biyu, kafin la'asar an ce da shi take jan masu sayen gyaɗa. Kalmar sihiri ta fito, kuma a garin nan ba kalmar wasa ba ce. Barakatu ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, rabin mutanen hoshin ma haka. In maganar ta kai kunnen askarawa, jirgin ruwan da ke kwashe waɗanda aka kora ne zai raba gardama.

Ammi Abdulghaffar ya kira ta tsakar hoshi. Ta zo da bahon ta dire a gabansa, ta zaro Mai-Barci, ta goga yatsa a bakinsa kowa na gani. Dattijon ya ce shi bai ce yana da dafi ba, dafin yana bakin mutane, kuma ba zai bari a kwashe masa hoshi saboda tsutsa ba. Ya tambaye ta ko ɓerayen sun ƙare. Ta ce suna nan lafiya lau.

"To, ya binti, don me kike riƙe da shi?"

"Don nawa ne, Ammi. Ni na zaɓe shi."

Ya ce halas, magana ta ƙare, ko macijin ko ɗakin. Aka aika aka kira Ubale ya zo ya yi mata magana. Ya ja ta gefe ya roƙe ta da girman iyayensu, ya ce ta ba shi ya mayar kango. Ta tambaye shi daga kangon sai ina. Su biyun sun san tukunyar mai maganin ba ta ƙin ƙari idan kyauta ne.

Washegari da sassafe mutanen hoshi suka ji ƙarar guduma. Ɗakunan Karantina na lokacin da garewanin kananzir ake yin su, a fasa a miƙe a buga a jikin katako, kuma kowace garwa ta ɗakin Barakatu ita ta tsinto ta, ita ta daddale ta da dutse. Fili na Ammi ne, ta ce, ga shi nan ta bar masa. Ta cire rufi, ta cire ƙofa, ta zo kan bangon da ya raba ta da Zakiya. Zakiya ta fito da Larabci da Hausa a haɗe tana cewa haram alaiki, ya za a bar ta a tsirara ita da 'ya'yanta. Barakatu ta ce mata ta tuna wanda ya kafa bangon. Ta zare ƙusoshin a hankali, ta miƙe waɗanda suka lanƙwashe ta zuba a gwangwani, sannan ta ɗauko tsohuwar tabarma ta miƙa wa Zakiya ta ce ta rataya kafin mijinta ya samo garwa.

Ubale ne ya turo kurar da ta kwashe kayan, yana tafe yana faɗa. Bahon kuwa ba ta yarda an ɗora a kura ba, a ka ta ɗauke shi, a buɗe, ta bi ta tsakiyar unguwa ba ta lungu ba. A ƙarshen unguwar Sa'alaba ta sauke, wani fili mai gishiri-gishiri da ba wanda yake so, nesa da mai ruwa, nesa da kasuwa. Tafiyar Bab Sharif ta ninka mata, wasu tsofaffin masu sayenta suka ɗauke ƙafa. Ba ta koma ta ba da haƙuri ba, ko da Ammi ya aiko daga baya cewa magana ta lafa.

A wannan ɗakin ta ƙare rayuwarta. Mai-Barci ya riga ta da 'yan shekaru, da tsufa da ƙiba, bakinsa a buɗe, ba a taɓa ɗinke shi ba. Ta haƙa masa rami a bayan ɗaki da cokalin suyar gyaɗa, ta ci gaba da zama a wurin.