Rijiyar da Badaru Bai Gama Ba

Badaru mutumin Daura ne, haƙar rijiya ya gada wurin mahaifinsa. Shekara talatin yana shiga ƙasa, ƙaninsa Kalilu na riƙe masa igiya a sama. Ba shi da yawan magana. In an kai shi gari sai ya zaga da sassafe yana duban itatuwa, ya murza ƙasa a hannu, ya kafa sanda ya ce, "A nan." Daga Mashi har Kongolam ba a taɓa jin ya kafa sanda ruwa ya ƙi ba, kuma shi ma ya san da haka.

Sai aka shiga farin shekarar saba'in da uku. Gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Da bazara ta zo, rana ta yi zafin da ko jaki ba ya yarda ya bar inuwa, rijiyoyi suka ja baya.

A lokacin ne Ardo Harisu, wani makiyayi da ke zaune yamma da Mashi, ya same shi har gida.

"Malam Badaru, mutanena sun ɗaure kaya za mu yi kudu," in ji Ardo. "In da ruwa a fadamarmu mu zauna. In babu, ka gaya mini tun shanu na iya tafiya."

Badaru ya je ya duba. Ya ce, "Akwai, Ardo. Gaba goma sha biyu. Ku ba ni sati uku."

Aka kwance kaya. Ya haƙa goma sha biyu, ƙasa ƙamas. Ya kai goma sha biyar. Kullum in ya fito, mata na tsaye da ƙorai suna kallon ƙafafunsa ko za su ga laka.

"Yaya, babu danshi ko kaɗan," in ji Kalilu. "Mu gaya musu su tafi."

"Bari mu ga gobe," in ji Badaru.

Goben nan ta kai su kwana arba'in. Ranar da digarsa ta daki dutse, ya daɗe a zaune cikin ramin kafin ya girgiza igiya. Kafin nan yawancin shanun sun kwanta, ko an ɗaga su ba sa tsayuwa.

Ardo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ruwa na Allah ne, ban ce ka hana ni ba. Amma da ka faɗa mini tun a gaba goma sha biyar." Ya kora shanu bakwai da suka rage cikin tamanin, ya yi kudu.

Badaru bai sake shiga rami ba. Matarsa Barakatu ta yi lallashi har ta gaji, ta koma riƙe gidan da ƙuli-ƙuli. Da arzikin man fetur ya kawo injinan haƙar burtsatse, Kalilu ya bi su lebura. Shi kuwa Badaru, wani maƙwabci ya samar masa wurin zama a bakin rijiyar Kusugu, inda baƙi ke zuwa kallo. 'Yan makaranta, ma'aikata a sababbin motoci, Turawa masu ɗaukar hoto suna fifita da hula. Ya jawo musu ruwa da guga, ya ba su labarin macijiyar da ta hana mutanen gari ɗiba sai ranar Juma'a. Su sha, su yaba daɗin ruwan, su wuce kallon fada.

Duk makiyayin da ya gani ranar kasuwa sai ya tambaye shi Ardo Harisu. Bayan shekara huɗu wani ya ce masa sauran shanun ma sun mutu a hanya, Ardo yana gadin wata masaƙa a Kano.

Badaru ya ce wa Barakatu zai je ya nemi gafararsa. Ta wanke masa riga, ta daka masa fura. Sau biyu yana zuwa tasha yana dawowa. Ya rasu da bazarar saba'in da takwas, bayan zazzaɓin kwana uku, bai je Kano ba.