Kalar da Kaka ta yi a tashar jirgi

Jiya jikana ya kunna mini kukan jirgin ƙasa a wayarsa don ya ba ni dariya. Ban yi dariya ba.

Ka san mu nan wajen Tasawa ta Nijar ba mu da jirgi. A shekarun da aka ɗaga sabuwar tutar 'yancin kai, gyaɗarmu manyan motocin da muke kira kamiyo ke kwashewa zuwa kudu. Ina 'yar shekara bakwai Kaka ta ɗauke ni daga garinmu Maijirgi muka bi ɗaya daga cikinsu zuwa Kano, don ta ga Kawu, autanta, da ke lodin buhu a tasha.

A garinmu, in an gama cirar gyaɗa, abin da ya saura a ƙasa na tsofaffi ne da yara. Kala ke nan, kuma ba mai tambayar izini. To Kaka mace ce da ba ta iya ganin abinci a ƙasa ta wuce. Muna jiran Kawu da hantsi, ta hango gyaɗa zube tsakanin ƙarafan dogo, wadda ta tsiyaye daga buhuna. Ta yi tsaki kan almubazzarancin mutanen birni, ta kutsa ta wata ɓarakar wayar shinge, na bi ta. Muka duƙa muna tsinta tana tarawa a bakin zane.

Usur na fara ji, sannan na ga takalma. Mutum biyu ne cikin kaki, da kulake. Ɗaya ya riƙe hannun Kaka. Tun da nake ban taɓa ganin namiji ya riƙe ta ba.

"Mi na yi, ɗana?" in ji ta. "Kala ce fa."

Ya ce nan ba gona ba ce. Su 'yan sandan jirgi ne, kuma duk abin da ke cikin waya, ko ƙwaya ɗaya, kayan jirgi ne. Suna da ikon kulle ta su kai ta kotu, ba sai sun nemi mai unguwa ba. Ni da jandarma na ƙasarmu kaɗai na sani, su ma daga nesa, na saki fitsari a tsaye. Tunanina ɗaya: za a rufe Kaka a ƙasar da ba ta san kowa ba, kuma ban san hanyar gida ba.

Kawu ya iso a guje, ya zube gaban babbansu yana rantsuwa cewa baƙuwa ce, ba ta taɓa ganin dogo ba. Babban ya daɗe yana kallon zanenta da zanen fuskarta. Daga ƙarshe ya ce ta zubar, ta fita, kada ta sake. Kaka ta kwance bakin zane gaban lebarori. Wani daga baya ya ce, "Tsohuwar ɓarauniya." Ta ji.

Yau na gane ba mugunta suka yi ba. Da jirgi ya taho muna duƙe, da shi ke nan. Jirgin har yanzu bai zo mana ba, gyaɗar ma ta ja baya, kuma masu gona sun fara hana kala.

Amma Kaka ba ta jira a hana ta ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi a duniya bayan nan. Duk lokacin kaka tsararrakinta na tsayawa ƙofar gida da ƙwarya su kira ta zuwa kala, ita kuwa ta ce su je, bayanta ke ciwo.