Dokta Buba da Saiwar Bulkachuwa

Duk wanda ya san Dokta Buba ya san ba ya karya kumallo sai ya duba waya, ya ga ko wani masani a duniya ya kafa hujja da takardunsa na binciken magungunan ƙwaƙwalwa. In aka samu ƙarin mutum ɗaya, ranar Azare ba ta da sakat. Ni kuwa taubashiyarsa ce, gidana yake fara dira da tsohon babur ɗin nan nasa mai tari.

"Dije! An ambace ni a Indiya!"

"To, sun aiko da goro?"

"Allah ya yaye miki duhun kai. Wannan ai ya fi goro."

"Ya fi goro, amma ba ya taunuwa."

Sai ya cinye min ƙosai ya ƙara gaba.

Rowa kuwa, kar ku so ku gani! Na taɓa zuwa ɗakin bincikensa na tarar ana yanka wa fararen ɓerayen gwajinsa dafaffen ƙwai, ni ko ruwan leda ban samu ba. Na ce, "Haba Dokta, baƙuwa fa ka yi!" Ya ce, "Su aiki suke min. Ke gulma kika kawo."

Takardar da ta fi jawo masa suna ita ce wadda ya rubuta kan wata saiwa da makiyayan Bulkachuwa ke jiƙa wa masu farfaɗiya. Ya gwada ta a kan ɓeraye ya ga tana kwantar da ciwon, kuma da ita yake sa ran zama farfesa. To, 'yata Nafisa tana fama da farfaɗiya. Na gaji da layin asibiti, na ce tunda har Indiya ta yarda, ni wace ce? Na sa aka samo min saiwar, na ajiye ƙwayoyin asibiti, na yi ta ɗura mata ban gaya masa ba.

Ran nan da azahar sai ga shi ya shigo ba ihu ba dariya. Ya ce, "Dije, hantar ɓerayena ta lalace. Saiwar nan ce. Zan janye takardar." Bai rufe baki ba hancinsa ya kai shi murhu. Ya ɗaga murfin tukunya, sai ga saiwar tana tafasa.

"Wa ke shan wannan?"

Na nuna masa Nafisa.

"Innalillahi! Ɓera na rubuta, Dije, ɓera! Ke ɓera kika haifa?"

"Ba kai ka ce tana aiki ba?"

"A jikin ɓera!"

Ya fita da gudu ya tare mana keke napep, ni da Nafisa. Da na ga Dokta Buba ya shiga keke bai yi ciniki ba, a nan na san abin ba wasa ba ne.

A asibiti aka ɗebi jinin Nafisa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ina kallon 'yata ina tunanin da hannuna na dafa mata. Tsawon zaman jiran nan bai taɓa wayarsa ba. Da likita ya ce hantar ta ɗan taɓu amma za ta warware, a koma kan ƙwayoyi, sai na zube a ƙasa ina ta alhamdulillahi. Shi kuwa ya juya baya yana share ido, wai mura yake yi.

Abokan aikinsa suka yi ta lallashi: "Ka bari a ba ka farfesan tukun, sai ka janye." Ya ce, "A ba wa ɓerayen." Ya janye abarsa. Ranar kasuwa ya hau babur har Gamawa da Dagauda, yana bin masu magani rumfa-rumfa, yana roƙonsu su daina sayar da saiwar. Mutumin da a da yake neman a ambace shi, sai ga shi yana rubuta wa masana wasiƙa su rabu da takardar.

"Dije, an ambace ni a Masar."

"Barka!"

"Barkan me? Mutanen nan ba sa karatu!"

Haka ya rasu yana Doktansa, farfesan bai zo ba. Nafisa kuwa ga ta nan garau, malamar makaranta, da 'ya'yanta biyu, ba ta fashin shan maganinta. Kullum in ta idar da salla sai ta kira sunansa a addu'a, kuma wannan ba ya fitowa a waya.

Allah ya jiƙanka, Buba, ya yafe maka ƙosaina da komai. Yadda ka sanyaya min zuciya, Allah ya sanyaya makwancinka. Amin.